Irin Geron da Na Binne Kafin Ruwa

Baba ya rasu da kaka, a shekarar da gonakin Matamaye suka ba mu kara maimakon hatsi. Ya bar mini gona a jigawa ta hanyar Kurni, da Inna, da sunan maigida wanda ya yi mini yawa kamar rigar aro. Ina da mata a lokacin, da 'ya guda da ba a yaye ba. Amma abin da ya fi kome nauyi a gadon shi ne 'yan dammunan gero da ya zaɓa da hannunsa, zangarniya bayan zangarniya, ya ɗaure ya sa a rumbu. Irin shukar baɗi ke nan. Ya ce ko wuta ta kama cikin mutum kada a taɓa shi, ni kuma na ce to, don lokacin cikina a cike yake.

Kafin bazara ta yi nisa mun cinye duk abin da ake ci, mun koma kan wanda ba a ci. Mata suna fita neman anza, 'ya'yan wani itacen daji mai ɗaci, su jiƙa ta su zubar da ruwan, su sake jiƙawa, ɗacin dai ba ya fita duka. Akuyarmu ta tafi, tunkiyar Inna ta bi ta. Ni kuwa na sami sabuwar sana'a: kowace safiya in hau rumbu in leƙa dammunan nan in sauko. Ba su ƙaruwa, ba su raguwa, amma idan ban leƙa ba sai in wuni kamar an yi mini sata.

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Idan tana da abin faɗa mini sai ta faɗa wa turmi, ko murhu, ko matata, da muryar da za ta kai har zaure. Ran nan ina saukowa daga rumbu na ji tana ce wa tsintsiya, “Wani dai zai cinye hatsin nan da ido kafin ruwa ya sauka.” Tsintsiya ba ta ce kome ba, ni ma haka.

Shekarun ba su da yawa da Nasara suka zauna a Damagaram, ba mu gama sanin halinsu ba tukuna. Abin da muka sani shi ne sojansu da dawakinsu suna ci, kuma ba su noma. Wata ranar kasuwa wani mai sayar da igiya daga wajen Ɗan Barto ya ba da labari cewa gardi, masu yi wa Nasara aiki, suna bin ƙauyuka suna ɗaga jinkar rumbuna, abin da suka tarar su ɗora wa jakuna. Wani ya tambaye shi, “Har da iri?” Ya ce, “Doki ya san iri?” Aka yi dariyar yaƙe, kowa ya tashi ya nufi gida. Ni ma na bi su, har na manta abin da ya kai ni kasuwar.

Na fara tunanin haƙa rami a ɗakin Inna in ɓoye. Sai na ji cewa masu raka gardin 'yan ƙasa ne irinmu, sun san inda talaka ke ɓoye abinsa, da sandar ƙarfe suke yawo suna caka daɓen ɗaki. Wanda aka kama ya ɓoye kuwa, shi zai ɗauki hatsin a kansa har Damagaram. Ban da haka akwai ɓarawon da na fi tsoro, wato ni kaina. Nonon matata ya fara ƙafewa, 'yar tana tsotsa tana kuka, kuma na san idan irin nan ya ƙara daɗewa a gidan, wata rana da hannuna zan sauko da shi in ce a daka.

Saura hanya ɗaya, ita ce binne. Mutum ya sari gonarsa tana busasshiya, ya zuba iri, ya rufe, ya bar shi a ƙasa yana jiran ruwa. Gardi ba ya tonon gona, ni ma ba zan iya tsince shi in daka ba. Idan ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa. Idan kuwa yayyafi ne ya zo, wanda zai jiƙa ƙwaya ta tsiro sannan rana ta biyo baya, to an gama, ba iri ba hatsi. Kuma muna cikin watan shida ne na lissafin manoma, tsofaffi kuwa ba su yarda da ruwan da ya riga watan bakwai. Baba bai taɓa binne ba a rayuwarsa, yana cewa aikin masu gaggawa ne. Ni kuwa da gaggawa aka haife ni, kowa ya shaida.

Da safe in tashi na yanke in binne, kafin azahar na warware. In ɗauki sungumi in je bakin ƙofa, in dubi sama fes babu ko ɗigon girgije, in koma in jingine shi. Ɗan abincin da ya samu ma ba ya wuce mini maƙogwaro. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, domin duk abin da na zaɓa gidan duka ne zai ci sakamakonsa, kuma babu Baba da zan ce shi ya sa ni.

Malam abokin Baba ne tun suna yara, tsoho siriri mai saurin tafiya, gonarsa tana maƙwabtaka da tamu ta gangare. A garinmu idan abu ya cushe wa mutum, wurin malami yake zuwa da goro ya ce a yi masa istihara. Malami ya kwana a kai, gari ya waye ya ce ya ga fari ko kore, a yi. Ko ya ga baƙi ko ja, a bari. Haka na taso na gani, haka kuma nake so, don in sami wanda zai ɗauke mini kayan. Goro ya gagara a shekarar, sai na ɗaure masa itace na kai. Na tarar da shi a zaure yana ɗinke wata tsohuwar salka. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa kome.

“Allah ya gafarta Malam, so nake a yi mini istihara. In binne ko in jira.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ƙafarka ce ke ciwo, ko goshinka?”

“Ko ɗaya, Malam.”

“To me ya hana ka yi da kanka? Raka'a biyu ce. Gonar taka, iyalin naka, Ubangiji kuma bai sa ni tsaron ƙofarsa ba.”

Na ce ni karatuna bai yi nisa ba, kuma ba na mafarkin kirki. Ya ce ba mafarki ya ce in yi ba, salla ya ce. Ya ajiye basilla, ya yi ta biya mini addu'ar ina maimaitawa har ta zauna. Sannan ya warware mini ita da Hausa: kana roƙon Allah ya zaɓa maka, don shi ya sani kai ba ka sani ba, idan abin alheri ne gare ka ya sauƙaƙa maka shi, idan sharri ne ya raba ka da shi, ya ba ka alheri inda yake. Ya ce idan na zo wurin ambaton buƙata in faɗi abu ɗaya, kada in jera biyu kamar mai talla. Da zan tafi ya jawo itacen gefensa, ya ce wannan kam yana so.

Da hantsi na yi alwala da ɗan ruwan da ya rage a buta, na shimfiɗa buzun Baba a bayan rumbu inda babu mai wucewa. Ban taɓa yin sallar da zuciyata ta yi yawo irin wannan ba. Ina Fatiha ina jin kukan 'yar, ina ruku'u ina auna faɗin gona. Da na sallame na ɗaga hannu na karanta abin da aka koya mini, na zo wurin buƙata na ce binne. Na shafa, na zauna ina sauraro kamar za a kira ni ta bayan darni. Babu abin da na ji sai kurciya.

Duk da abin da Malam ya faɗa, ni mafarki nake jira. Kuma na yi shi. Na ga kaina zaune gaban akushi cike da tuwo, miyar kuka tana tururi, man shanu yana narkewa a kai, ina kai loma na farka. Da safe na ba matata labari a tsakar gida, da ƙarfi yadda Inna za ta ji, don ita ce mai fassara mafarki a unguwarmu. Matata ta ce tuwo fari ne, ke nan a yi. Inna ta dubi tukunya ta ce, “Miyar kuka dai ban san ranar da ta zama fara ba.” Matata ta ce ai koriya ce, kore ma alheri ne. Inna ta ce wa tukunya kukar da ta kwana baƙa take komawa. Suka yi ta yi a kan akushin da babu shi, ni ina tsaye yawu ya cika mini baki.

Na sake yin sallar, na kuma sakewa. Tuwon ya yi ta dawowa, wata rana har da nama. Na koma wurin Malam a fusace.

“Malam, na yi, ban ga kome ba sai abinci.”

Ya yi dariya har da tari. “Duk garin nan wa ke mafarkin wani abu ban da abinci? Ni jiya fura na sha har ta zubo mini a gemu. Wa ya ce maka da mafarki ake ba da amsa?”

“To da me ake bayarwa?”

“Ka roƙa, ka yi shawara, sai ka tashi ka nufi abin. In an buɗe maka za ka ga yana tafiya, zuciyarka ta kwanta. In an rufe, za ka yi ta karo.”

“To ga shawara na zo. Kai me ka gani?”

Ya dubi gabas ta ƙofar zaure. Ya ce ya ga shekarun da masu binne suka yi dariya, ya ga waɗanda suka yi kuka, kuma ba zai iya ce mini ga wadda muke ciki ba. Na fito ina ƙunƙuni. A raina na ce tsohon nan ya ci itacena a banza.

Washegari na sake yi, na tashi daga kan buzun ban tsaya sauraron kome ba, na je na ɗauki sungumi. Bakinsa ya daɗe yana girgiɗi, sai na ƙudurta cewa idan maƙeri ya ce in dawo gobe, to an rufe ke nan. Na tarar da wutarsa a hure, ya gyara mini nan take. Na dawo na ce wa matata gobe za mu gona, ina jiran gardama, sai ta ce to. Inna ta ce wa ƙofa, “In za a yi a yi, ƙafafuna ba su mutu ba.” A nan wani abu ya sauka daga ƙirjina. Har yau ba zan iya rantsuwa ba ko natsuwar da Malam ya faɗa ce, ko kuwa gajiyar mutumin da ya gaji da juyi. Na dai ci abin da aka ba ni a ranar, ya kuma wuce.

Ba mu sa irin a turmi ba. A shekarar yunwa ƙarar taɓarya kiran mutane ce, kafin ka ankara maƙwabta sun cika gida da ƙorai, kuma da wane ido za ka hana? Sai muka shige ɗaki muka yi ta murza zangarniya da hannu a kan tabarma, har tafukanmu suka yi ja. Ƙamshin geron ya cika ɗakin. Matata tana murzawa, 'yar tana goye, ba ta dube ni ba ta ce, “Maigida, ko cikin tafi ɗaya, in dama mata.” Na ce a'a da sauri, don na san in na tsaya tunani zan ce e. Daga baya na bakace tsakin da ya karye da wanda ƙwari suka huda, na tura mata. Bai kai abin da za a kira kunu ba, na kasa kallonta tana damawa.

Muka fita tun rana ba ta yi zafi ba. Ina gaba ina sara, matata da Inna suna biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Rairayin busasshe ne, ina sara yana komawa, kafin hantsi ya ɗaga kuma ya fara ƙona tafin ƙafa. Masu wucewa zuwa Kurni suna tsayawa su dube mu su girgiza kai. Da muka kusa gamawa na ga iri zai yi saura, saura kuwa ba shi da wurin zama a gida, sai na ce su riƙa cika hannu. Inna ta ce wa ƙoƙon da take riƙe da shi ba ta taɓa ganin ana shuka gero kamar ana ba kaji ba. A gangare muka juye na ƙarshe, wajen gawon da ke kan iyakarmu da Malam.

Ba a daɗe ba gardi suka iso, da jakuna da masu sandunan ƙarfe, kamar yadda mai igiya ya faɗa. Ba su yi ihu ba, ba su daki kowa a unguwarmu ba, aiki kawai suke yi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ɗaya ya hau rumbunmu ya leƙa, ya sauko yana kakkaɓe hannu, aka caccaki ɗakin Inna, aka wuce. Gidaje da yawa an fitar musu da iri, har da gidan Malam. Na tausaya musu, amma a ranar ji na yi kamar ni da Allah mun ƙulla wata magana da sauran gari ba su sani ba. Har tafiyata sai da ta sake.

Daɗin bai yi nisa ba. Wata la'asar gabas ta yi duhu, iska ta taso, yara suka fito suna tsalle. Na tsaya a tsakar gida ina cewa ya Allah mai yawa, ya Allah mai yawa. Aka fara ɗigowa manya-manya, ƙamshin ƙasa ya tashi, sai iskar ta juya ta kwashe hadarin ta yi wajen Kance da shi. Abin da ya sauka bai ko gudano daga jinka ba. Na ruga gona, na durƙusa na tura yatsa a ƙasa. Danshi ya kai daidai inda irin yake kwance, ya tsaya. Ƙasa da nan a bushe yake ƙamas. Da bai sauka ba sam da ya fi mini.

Na yi ta addu'ar kada ya tsiro. Wanda bai yi noma ba ba zai gane yadda manomi zai roƙi Allah kada shukarsa ta fito ba. Kullum in je in tone rami ɗaya in duba: ƙwayar ta kumbura, ta fashe, ta fitar da ɗan farin baki. Sannan wata safiya na tarar da gonar ta yi kore layi-layi, ita kaɗai a duk jigawar. Ban taɓa ganin abin da ya yi kyau ya kuma tsinka mini zuciya haka ba. Sama kuwa ta koma fes.

Rana ta yi ta dukan shukar. Da safe ganyen a buɗe, kafin azahar ya naɗe kamar tsinke, da yamma ya ɗan saki. Sai ya zamana da safen ma ba ya buɗewa. Daga tudu aka fara, kore ya koma toka-toka, iska tana turo rairayi mai zafi tana yanka shi. Inna ta ce wa matata a gaya wa mai zuwa gona kallo ba ya shayar da shuka. Na ji, kuma washegari na koma.

Abin da ya fi yunwa cina shi ne abin da ke taso mini idan na tsaya salla. Ban yi gaban kaina ba, na yi alwala na tambaya, aka buɗe mini hanya na bi. To me ke nan? In yi istigfari in kori tunanin, kafin in kai sujada ya dawo. Ina jin haushi, ina tsoron wanda nake jin haushin, ga shi ba ni da wurin zuwa sai gare shi. A haka na ɗauki ƙafa na tafi wurin Malam, wai jaje, alhali ƙara na kai.

Jinkar rumbunsa tana nan a ƙasa inda gardi suka jefar da ita, bai sa an mayar ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa faɗi. Na yi masa jaje a gurguje, sannan na sauke abin da ke cikina. Na ce na yi yadda ya ce, ga shukar tana mutuwa, ko dai ban iya addu'ar ba ne, ko kuwa son raina na bi na ce amsa ce. Ya bar ni na gama.

“Ranar da ka fara zuwa,” in ji shi, “ni ma ina cikin tawa istiharar. A kan irin nawa.”

Na ɗago na dube shi. “Kai ma ka yi, Malam?”

“Na yi. Zuciyata ta kwanta da jira.”

“Ga shi sun kwashe.”

“Sun kwashe.”

“To wane ne a cikinmu bai ji daidai ba?”

Ya ce, “Yaro, ni ban roƙa a gaya mini abin da zai faru ba. Na roƙa a zaɓa mini. An zaɓa. Ban ce maka yana da daɗi ba.” Yana maganar yana jan carbi, na ga ƙwayoyin suna kuɓuce masa. Da na tarar da shi yana murmushi irin na waɗanda duniya ba ta dama ba, da na fita da haushina. Amma tsoho ne mai iyali, rumbunsa a buɗe, tsoro yake ji kamar ni, kuma da aka kira la'asar ya riga ni tashi. Na bi shi muka yi salla. Ban sami amsa ba, na dai ji kunyar ƙarar da na kawo.

Ruwan ya zo bayan na daina duban gabas. Da rana tsaka ya sauko, babu iska babu tsawa, ya yi ta zuba har tsakar gida ta zama tafki. Inna ta fito ta tsaya a cikinsa tana kuka, ba ta ce wa kowa kome ba. Ban je gona ba sai washegari. Tudu ya tafi, babu ko alama, kamar ba a taɓa sara ba. A tsakiya ɗaiɗai ne suka tsira, nan da can. Amma daga inda ƙasa ta fara gangarawa har gindin gawo, abin da na bari kamar busasshiyar ciyawa ya warware ya miƙe. Bai kai rabin gona ba. Na tsuguna na taɓa ganye ɗaya da yatsa, na ce alhamdu lillahi, na sake faɗa, don na farkon bai fito sosai ba.

Damina ta zauna. Gari ya watse neman iri, wasu suka ƙetara Daura wurin dangi, wasu gonakinsu suka zauna haka nan. Ta Malam tana cikin waɗannan, kullum ina hango ta ta bayan gawo, an share ta tsaf ba a zuba mata kome ba. Mu ma hankali bai kwanta ba, don abin da ya tsira, ko ya yi kyau iyakar kyau, da ƙyar zai kai mu rani.

Da shuka ta tasa lokacin cira ya yi. Kowane rami a gangaren nan cunkushe yake, dole a rage, a cire raunana a bar masu ƙarfi su sami wuri. Wanda aka cire akan dasa shi inda ya yi giɓi idan ƙasa tana da danshi, sauran a watsar. Ni na riga na tsara nawa: duk abin da na cire tudu zan kai, in cike inda ya mutu. An yi ruwa da sanyin safiya, yana ɗaukewa na fito na duƙa.

Ban yi nisa ba na ji sallama a bayana. Malam ne, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, da tsohon kwando a hannu. Shi ne fa ya raɗa mini suna. Ya tsaya daga can gefen iyaka bai tako cikin gonar ba, ya yi mini barka da aiki, ya sake yi mini barka da aiki. Sannan ya ce, yana duban kwandon, “Na ce ko akwai wanda za ka watsar.”

Na dubi tudu, fili fetal, abincin 'yata na rani yana can in na dasa. Babu lokacin alwala, babu na raka'a biyu, tsoho yana tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana jira. Na ce, “Shigo, Malam, ka biyo ni.”

Ya biyo ni da kwandon, ina cirewa ina miƙa masa ta baya ban juyo ba, don kada mu haɗa ido. Raunanan nan na san rabinsu ba za su kama ba in an dasa, shi ma ya sani, yana karɓa yana cewa madalla. A rami na gaba na kama mafi kauri, mai saiwa, na tumɓuke na miƙa. Na gaba ma haka. Ya karɓa ya juya shi a hannu.

“Yaro, ba wannan ake cirewa ba.”

“Hannuna ne ya kuskure, Allah ya gafarta Malam.”

Na ji shi yana jan hanci a bayana, ni kuma na matsa rami na gaba, na lalubi mai kaurin.